Yadda na karɓo belin ƙanina da aka kama a madadin ubangidansa

Ƙanina bai ci bashin kowa ba. Yaron shago ne a wajen wani mai sayar da siminti da rodi a wata kasuwar kayan gini da ke gefen Abuja. Aikinsa buɗe shago da safe, ƙirga buhuna idan mota ta sauke, da rubuta abin da aka fitar a littafi. Ubangidan nasa ya karɓi kaya bashi daga wani dila, wa'adi ya cika bai biya ba, ya kashe waya ya yi tafiyarsa. Da dilan ya gaji da zarya sai ya zo da 'yan sanda biyu. Ba su tarar da kowa ba sai yaron, suka sa masa ankwa a gaban jama'a, suka ce zai zauna a hannunsu har mai gidansa ya bayyana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu, Inna tana gida Funtuwa, ni kuma ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a unguwar da muke haya. Maƙwabcin shagon ne ya kira ni bayan la'asar, ba 'yan sanda ba. Daga baya na ji cewa doka ta ɗora musu nauyin sanar da ɗan'uwan wanda suka kama, kuma ba tare da an biya ko sisi ba.

A caji ofis ɗin an karɓi wayata a bakin ƙofa. A jikin bango, daidai saman kanta, akwai takarda da aka rubuta da Turanci da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Na zauna a benci ƙarƙashinta har aka kira magariba kafin ɗan sandan da ke binciken maganar ya leƙo. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ni yayar yaron nan ce, me ya yi?" Ya ce, "Hajiya, magana ɗaya ce. Ku kawo mai gidansa, ko ku kawo kuɗin mutane." Na ce yaron ko lambar asusun shagon bai sani ba. Ya ce wannan ba matsalarsa ba ce.

Sai da na roƙa sosai aka fito da shi daga bayan kanta na ɗan lokaci. Ba riga a jikinsa, ba takalmi, gefen fuskarsa na hagu ya kumbura har idon ya ƙanƙance. An sa na ɗanɗana abincin da na kawo kafin a miƙa masa, shinkafa da wake a leda, ya ci a tsaye yana waige. Ya ce da ni a hankali, "Yaya, sun rubuta wata takarda da Turanci sun ce in sa hannu, na sa." Na tambaye shi me ke ciki, ya ce bai sani ba. Karatunsa na boko bai wuce ƙaramar sakandare ba, kuma ba wanda ya karanta masa.

Washegari na koma da niyyar karɓar belinsa. Nan aka gaya mini abubuwa biyu. Na farko, mace ba ta karɓar beli, in je in kawo namiji. Na biyu, ba a faɗe shi kai tsaye ba, an dai ce akwai kuɗin fayil, akwai na man mota da aka ƙona wajen kamo shi, sauran kuma "abin da kuka gani". Baffanmu, ƙanin mahaifinmu da ke sayar da shayi a tasha, ya bar teburinsa ya zo. Aka dube shi sama da ƙasa aka ce ba shi da adireshi tsayayye. Dattawan unguwa suka fara maganar a yi karo-karo a kai na goro a rufe zancen. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, domin abin da suka saba gani yana aiki ke nan, kuma ɗansu ne ke kwana a kan siminti. Amma adadin da aka furta ya fi albashina na wata biyu, ga shi ko mun biya ba a yi mana alkawarin cewa ba za a sake ɗauko shi ba muddin mai gidan bai dawo ba.

Wata malama da muke aiki tare ce ta ce in je hukumar gwamnati da ke bai wa marasa ƙarfi lauya kyauta, wadda ake kira Legal Aid. Tun 1976 aka kafa ta, amma ni da na yi karatu har na zama malama ban taɓa jin sunanta ba. Na je da safe, aka ba ni fom, aka tambayi sana'ar yaron da abin da yake samu, da inda ake tsare da shi, da abin da aka ce ya yi. Ba a karɓi komai a hannuna ba. Aka haɗa ni da wata lauya, mace mai ƙaramin jiki da ba ta ɗaga murya, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta jawo wasu littattafai biyu da gefensu ya yi baƙi saboda yawan buɗawa.

Abin da ta nuna mini a wannan zama shi ne ya sa nake wannan rubutu. Ta buɗe dokar tafiyar da shari'ar masu laifi ta 2015, wadda shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, wadda kuma ita ke aiki a kotunan Abuja, jihohi kuwa kowace da irin tata. Sashe na 7 layi ɗaya ne: ba a kama mutum a madadin wanda ake zargi. Sashe na 8 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, ya kuma hana azabtar da wanda ke hannu. Sashe na 17 ya ce idan mutum zai ba da bayani, ana iya ɗauka a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, in kuma ba ya jin Turanci a kawo tafinta ya rubuta ya karanta masa. Ta ce ita kanta dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita haramcin kama wani a madadin wani, wato ba a littafin lauyoyi kaɗai abin yake ba, yana cikin dokar aikinsu. Sannan ta buɗe kundin tsarin mulki na 1999, babi na 4, sashe na 35: a sanar da mutum dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Tsakanin caji ofis ɗin da kotun majistare tafiyar Keke Napep ce, wa'adin kuwa ya wuce tuni.

Na ce, "Barista, maganar mace ba ta beli fa?" Ta juya shafuka zuwa sashe na 167 na dokar 2015, ta ɗora yatsa, ta ce in karanta da kaina. Ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai shi mace ne. Na karanta, na sake karantawa. Duk abin da aka yi mana tun daga ƙofar shago, ba ɗaya da doka ba ta riga ta hango ta hana shi da sunansa ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun muna yara a makarantar allo muke jin cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma wanda bashi ya yi wa nauyi a yi masa jinkiri har ya samu.

Da muka koma tare da ita, wurin ɗaya ne, mutanen su ne, amma an ba mu kujera. Ta nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ta gabatar da kanta, ta ce ta zo neman belin wanda take karewa, in kuma akwai laifin da ake tuhumarsa da shi a kai shi kotu. Ba wanda ya sake ambaton kuɗin fayil ko man mota. Na ɗauka a nan za a sallame shi. Sai aka ce bincike ya nuna akwai laifi, gobe kotu.

A hanya ta yi mini bayanin abin da zai faru, kuma haka ya faru. Tunda ba a iya gurfanar da mutum a kotun laifi kan bashi, sai a sauya wa bashin suna. Takardar tuhumar da aka karanta washegari ta ce ƙanina ya haɗa baki da wani da ya tsere, sun ci amana, sun yi zamba. Lauyar ta tashi ta ce wanda ake tuhuma ba ya jin Turanci, majistare ta sa aka kira tafinta, domin sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi wannan haƙƙin kyauta. A nan ne karo na farko da aka gaya masa da Hausa abin da ake zarginsa da shi. Ya ce bai aikata ba. Mai gabatar da ƙara ya ce kada a ba da beli, wai zai gudu kamar mai gidansa. Majistare ba ta karɓa ba. Ta ba da beli da sharaɗin mutum ɗaya mai tsaya masa, wanda ke zaune a yankin kotun, mai sana'a sananniya, kuma sai an je an tabbatar da gidansa.

Na yi hamdala a fili, ban san cewa ba da beli daban, cika sharuɗɗansa daban ba. Ranar Juma'a ce, kafin mu haɗa ko takarda ɗaya an tashi daga aiki. Ina tsaye aka saka shi cikin motar gidan yari tare da wasu.

Ga abin da aka nema daga gare ni: hoton fasfo nawa da nasa, katin shaidar ɗan ƙasa, takarda daga wajen aikina, takardar rantsuwa da ke nuna ina da abin da zan iya tsaya masa da shi, da shaidar inda nake zaune. Huɗun farko wahalar zirga-zirga ce kawai. Ta ƙarshen ce ta kusa kayar da ni. Unguwarmu ba sunan layi, ba lambar gida, kwatancenmu shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da mai injin markaɗe. Takardar kuɗin wuta sunan mai gidan ke kai, shi kuma da ya ji kalmar kotu sai ya ce ba ruwansa, kar a jawo masa. Wannan sharaɗi an tsara shi ne da tunanin mutanen Maitama da Garki, alhali yawancin waɗanda ake jerawa a gaban majistare daga irin unguwanninmu suke fitowa. Da rasit ɗin kuɗin haya da wasiƙar mai unguwa mai ɗauke da hatiminsa na samu aka karɓa, shi ma sai da lauyar ta tunatar da su cewa doka ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani fiye da kima.

A harabar kotun akwai wasu mutane da ke zaune a ƙarƙashin bishiya da jakunkunan takardu, sana'arsu tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba idan an biya su. Ɗaya ya biyo ni har bakin titi yana cewa yana da takardar fili da katin aikin gwamnati, kafin azahar zai gama mini komai. Lauyar ta ce in nisance su, domin idan takardunsu suka zama na jabu belin ne zai rushe, yaron ya koma ciki da sabon zargi. A ofishin magatakarda kuma wani ya duba fom ɗina ya ce, "Ina mai gidanki? Shi ya kamata ya zo." Wannan karon ban jira lauya ba. Na ce, "Yallaɓai, sashe na 167 ya ba ni dama." Ya ɗago ya kalle ni, ya buga hatimi. Ma'aikacin da zai je ganin gidana ya ce ba motar ofis, ni na biya kuɗin motarmu zuwa da dawowa, ba rasit.

Ana cikin wannan ne na kai masa ziyara gidan yari, wanda tun 2019 aka sauya wa suna zuwa gidan gyaran hali. Layin masu ziyara kusan duk mata ne, iyaye da matan aure da ƙanne, kowace da kular abinci. Gandiroba mace ta caje ni, aka caccaka tuwon da cokali, aka sa na ɗanɗana miyar. Da aka kawo shi an yi masa aski ƙwal, jikinsa duk ƙuraje. Ya ce a ɗakinsu kwanan gefe ɗaya ake yi, in za a juya sai a juya tare, kuma sabon zuwa wurinsa kusa da bokitin bayan gida. Gabzar da ake ba su ruwa ce da gishiri. Amma ba wannan ya fi damunsa ba. Ya ce, "Yaya, akwai wanda ya shekara uku a nan ba a taɓa mayar da shi kotu ba. Akwai wanda aka ba beli tun bara, ba shi da mai tsaya masa, 'yan'uwansa ma ba su san yana nan ba."

Na kai wa lauyar wannan magana, ta ce ba ƙari a ciki. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawansu an kai su gaban majistare ne kan babban laifi kamar fashi ko kisa, wanda majistare ba shi da hurumin saurara, sai ya ba da umarnin a ajiye su har a samu shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ɗin kuma ya kwanta a wani tebur. Dokar 2015 ta ƙayyade irin wannan ajiya da kwana 14, ana sabuntawa ne kawai idan an kawo hujja, kuma tana da iyaka. Ta kuma ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis na yankinsa duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 har dama ta bai wa shugabannin gidajen su ƙi karɓar sababbin mutane idan wuri ya cika aka sanar da hukumomi ba a ɗauki mataki ba. Duk suna nan a rubuce. Abin da na gani da idona shi ne kowane ɗaya daga cikinsu sai an sami mutum a waje da zai je ya tsaya ya kira shi da lambarsa kafin ya motsa, wanda ba shi da kowa kuwa ba abin da ke motsawa dominsa.

Bayan an tabbatar da gidana, na sa hannu a takardar alkawarin cewa zan kawo shi duk ranar zama, in ya gudu kuɗin belin na wuyana. Majistare ta sa hannu a takardar saki, ma'aikacin kotu ya kai ta gidan yarin, aka fito da shi dab da magariba da kayan da aka kama shi da su. Na kira Inna na ba shi wayar.

Shari'ar kanta ba ta da wani labari. Duk ranar da aka sa muna zuwa tun da sassafe, shi ya rasa yininsa, ni in nemi izini a makaranta. Wata rana mai ƙara bai zo ba, wata rana mai gabatar da ƙara ya ce ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Ana haka mai gidan ya dawo, shugabannin kasuwa suka zaunar da su da dilan, aka tsara yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. Abin da ya kamata a fara da shi ke nan. Dilan bai sake taka kotu ba, lauyarmu ta nemi a kori ƙarar saboda rashin zuwan mai ƙara, aka kore ta. Ba wanda ya ce wa yaron ya yi haƙuri, har mai gidan nasa, wanda ya riga ya ɗauki wani yaron shago.

Daga nan sabuwar muhawara ta tashi a gida. Lauyar ta ce muna da hanya biyu. Ko mu je babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin kare haƙƙi na 2009, tunda sashe na 35 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ko mu kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995 aka kuma ƙara mata ƙarfi da gyaran dokar 2010, inda ba a biyan kuɗin shigar da koke. Dukan da aka yi masa kuwa laifi ne mai zaman kansa a dokar hana azabtarwa ta 2017, hukuncinsa na iya kai shekara 25.

Inna ta ce, "Ke dai ki bar wa Allah. Ya fito da ransa, me kuma kike nema? Talaka ba ya ja da hukuma." Baffa ya goyi bayanta, ya ce a garin nan muke zaune, gobe ma su ne za su tare mu a hanya. Tsoronsu gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Na ce, "Inna, na bar wa Allah, amma Allah bai ce in ga zalunci in naɗe hannu ba. Wanda ya mare shi yana nan a kan kujerarsa, kuma akwai ɗan wata a bayan kantar yanzu haka." Ta yi shiru, sannan ta ce a tambayi mai abin. Ƙanina, wanda har yanzu in ya ji jiniya yake miƙewa tsaye, ya ce a rubuta.

Mun zaɓi hukumar, domin ƙarfinmu bai kai na doguwar shari'a ba. Na rubuta koken da kaina, lauyar ta gyara: ranar kamu, wurin, abin da aka ce, abin da aka nema, da abin da muke roƙo. Muka haɗa da kwafin takardar tuhuma, da kwafin hukuncin korar ƙara mai hatimin kotu, da katin asibitin da aka duba masa ido da fata, da sunan maƙwabcin shagon da ya yarda zai ba da shaida. Na kai ofishinsu, aka buga wa kwafina hatimin karɓa, aka ba ni lambar fayil. An kira mu mun ba da bayani, an ce an rubuta wa ɗaya ɓangaren ana jiran amsarsu. A nan maganar take yanzu, kuma ina leƙawa duk lokacin da na sami sarari.

Ranar da ya fito, ƙanina ya zo da lambobin waya da ya haddace na 'yan'uwan mutum biyu daga ɗakinsu. Ɗaya ba ta shiga har yau. Ɗayar wani dattijo ne ya ɗauka a wani ƙauye ta wajen Malumfashi, wanda ya ɗauka ɗansa yana Legas yana ci-rani ne ya manta da gida. Ashe yaron na cikin waɗanda aka ba beli tun bara. Dattijon ya sayar da akuya biyu ya zo, ya sauka wajen Baffa a tasha. Shi ba mazaunin Abuja ba ne, don haka ba zai iya tsayawa da kansa ba, amma wani ɗan garinsu mai facin taya ya yarda. Na rubuta musu jerin takardun da za a nema, na raka su wajen mai unguwa, lauyar kuma ta karɓi fayil ɗin. Ranar Litinin ma'aikacin kotu zai je ganin gidan mai facin.